Maganin Gajiyar Malam Na'Allah

Goron da Kawu Labbo ya kai gidan Malam Na'Allah, na nema wa Illo auren Rahmatu, ko kwana bai yi a can ba. Da hantsi aka kai shi, kafin la'asar an dawo da shi a ƙunshe cikin ganyensa, ko ɗaya ba a ɓantara ba. Saƙon da ya biyo goron kuwa gajere ne.

"A ce wa Illo ya nemi wata. Ba ni aurar da ɗiyata ga ɗan ƙwaya."

To, tsakani da Allah, tsohon bai yi masa ƙage ba. Duk Turba babu wanda bai san labarin Illo ba. Shekarar farko ta fari shanun gidansu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ya sayar da karsanar da ta rage ya sayi mashin, ya shiga kabu-kabu tsakanin Burkusuma da Sabon Birni. Buhu uku a baya, ga yashi, ga rana. Wani abokin sana'a ya miƙa masa kafso guda na tiramol, ya ce in ya sha ba zai ji komai ba. Bai kuwa ji ba. Daga ɗaya ya koma biyu, daga biyu ya daina ƙirgawa, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a tashar Sabon Birni yana shure-shure, kumfa a baki, jama'a sun yi masa da'ira.

Wata biyu ya yi a asibiti a Sakkwato. Da ya dawo aka haɗa shi da Malam Usmanu, wani ma'aikacin lafiya a Isa, wanda ke tara masu irin wannan lalura kowace Laraba a ƙarƙashin dogon yaro, bayan ɗakin shan magani. Zaman yana da ƙa'ida guda da ba a tsallakewa: duk baƙon da ya zo sai ya miƙe ya faɗi sunansa, ya kuma faɗi wanda ya kawo shi, don a cewar Malam Usmanu wannan ciwo mutum ba ya fita daga cikinsa shi kaɗai. Yau wata goma sha huɗu ke nan Illo bai sa ko ɗaya a baki ba, bai kuma taɓa fashin Laraba ba.

Amma je ka gaya wa Malam Na'Allah haka! Shi hankalinsa na kan Amiru mai kemis, saurayi ɗan gayu mai farin yadi da ƙamshin turare, wanda ke zuwa gaisuwar surukai kowace Juma'a. Ya kawo sukari, ya kawo ganyen shayi, ya kawo wa Baba ɗan ƙunshin magani saboda bayansa. Rahmatu dai ta ce ko da motar sukari zai zo ba ta so. Uban ya ce shi ba zai yi mata dole ba, amma kuma ba zai ba Illo ba. A nan magana ta tsaya, wata uku cur.

Tunda an hana shi zance, Illo sai ya canza sana'a. Rijiyoyin cikin gari sun ƙafe, kowa sai ya je ta fadama, shi kuma ya ɗaura jarkoki shida a mashin yana kai wa gidaje ruwa. Wai neman halak ne. Kowa dai ya san wace ce ke zuwa ɗiban ruwa da hantsi.

Ranar wata Laraba ya hango ta a ƙarshen layi, ta kifa bokiti ta zauna a kai, ta zabga tagumi. Rahmatun da in ta gan shi sai ta ce, "Ɗan Hillani, yau shanun naka na roba nawa sunka sha?" yau ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Gimbiyar Gobir, an yi hushi da talakawa ne?"

Ta ɗago. Idanunta sun yi jawur.

"Illo, Baba ba shi da lahiya. Kwana huɗu ke nan bai runtsa ba."

"Subhanallahi! Zazzaɓi?"

"Ba mu sani ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an jiƙa sabara. Inna ta ce iska ya gamu da su a gona, tunda shi kaɗai ya yi binne har sau biyu bana, iri na ƙonewa cikin ƙasa ba ruwa. Yayyena duk sun tahi ci-rani. Ga hwaɗa! Jiya akuya ta yi kuka ya ce da gangan ta yi." Ta so ta yi dariya, sai kuka ya ƙwace mata. "Ina tsoron kar in rasa shi, Illo. Ya hana ni kai, na yi hushi da shi, kwana goma ban kai mishi kunu da hannuna ba. In ya mutu ina hushi da shi hwa?"

Zuciyar Illo ta karye. Ya so ya share mata hawaye, amma mata ashirin ne a layi, kowace ta yi kamar guga take kallo.

"Ki bar kuka. Gaya min, shina yawan hamma?"

Ta tsaya. "Ƙaƙa anka yi ka sani?"

"Hanci na zuba, hawaye na zuba, alhali ba mura ba?"

"Haka ne."

"Zuhwa, sannan sanyi? Ƙahwahunshi ba su zama wuri guda?"

"Illo, ko duba ka koma ne ban sani ba?"

Bai yi dariya ba. Ya rage murya. "Amiru hwa, yaushe rabonshi da gidanku?"

"Kai jama'a! Ana maganar rai kana maganar kishi?"

"Ki dai amsa min."

"Juma'a biyu bai zo ba. An ce kayanshi sun maƙale a bakin iyaka, ya bi su."

"Maganin da yakan kawo wa Baba, yaya kamarshi?"

"Maganin gajiya ne kurum. Kafso, rabi kore rabi ruwan ƙwai. Baba yakan zazzage biyu cikin kunu kahin ya tahi gona, tun bara. Ya ce in ya sha sai ya yi aikin mutum uku. Ya ƙare ranar..." Ta dube shi, ya dubi ƙasa. Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Illo, kar ka ce min... Baba? Baban da ko sigari aka kunna kusa da shi sai ya tashi?"

"Bai sani ba, Rahmatu. Ni ma ranar da anka miƙa min, maganin gajiya anka ce."

Ta daɗe tana kallon bokiti. Sai kuma idonta ya yi wani haske, irin na wadda ta tsinci abin da ta daɗe tana nema.

"To ai shi ke nan! Bari gari ya ji abin da Amiru ke ɗura wa Baba. Mu ga wa za a ƙara ce wa ɗan ƙwaya!"

"A'a."

"A'a kamar yaya? Allah ya kawo muna mahita kana cewa a'a?"

"In gari ya ji, Amiru za shi kwashe kwalayenshi ya canza kasuwa. Baba hwa, ina za shi? Nan za shi zauna ana nuna shi da baki a masallaci. Na kwanta a tsakiyar da'ira, Rahmatu, na san yadda idon mutane ke da zahi. Ba ni so ya ɗanɗana." Ya fara kwance jarkokinsa. "Yau Laraba, Malam Usmanu na nan. Je ki ce wa Inna a shirya shi, ciwon baya za a kai shi a duba."

"Kai za ka kai shi? Kan mashin ɗinka?" Ta share hawaye da gefen mayafi, dariya na neman kuɓuce mata. "Wallahi sai na ga wanga abu da idona."

Ta kuwa gani.

Illo ya tsaya nesa da ƙofar gidan, ya tuɓe takalmansa ya rataye a kan madubin mashin, ya durƙusa a ƙasa mai zafi kamar an gasa ta, ya sunkuyar da kai. Ko an kore ka, uban yarinya uban yarinya ne, ba a tsaya masa a tsaye, ba a haɗa ido da shi. Inna Hajo ta fito riƙe da tsohon, yana lulluɓe da bargo cikin wannan rana, yana hamma kamar zai haɗiye zaure.

"Barka da hantsi, Baba. Ya jiki?"

Malam Na'Allah ya dubi sama. "Hajo, wa ya kira wanga yaro?"

"Ni na kira shi, Malam. Duk masu mashin sun tahi ci-rani, shi kaɗai ya rage."

"A ɗauko min jakina."

Aka jawo jaki. Jakin nan rabonsa da ƙoshi tun kaka, haƙarƙarinsa a waje. Malam ya ɗaga ƙafa zai hau, jaki ya dube shi, ya yi ajiyar zuciya, ya kwanta abinsa. Daga bayan darni aka ji wani sauti kamar an toshe baki da mayafi.

"Ko jakin ya fi ka sanin gaskiya," in ji Inna Hajo. "Hau, Malam, don Allah, kar ka mutu min a ƙohwar gida."

Ya hau. Amma can ƙarshen mashin ya zauna, kan ƙarfen ɗaura kaya, ya kama ƙarfen da hannu biyu ta baya, ya bar fili tsakaninsa da Illo wanda za a iya aza tulu. Illo ya taka ƙarfen tayar da mashin da ƙafa ba takalmi, sau ɗaya, sau biyu, ya cije leɓe.

"Kai yaro, sa takalminka. Ba ni son a ce na gurgunta ɗan mutane."

"To, Baba."

Suka kama hanya. Gonaki dama da hagu jajir, babu ko ɗigon kore sai tumfafiya. Suna tafe har suka gangara gulbi, wanda a bana babu komai cikinsa sai yashi. Tayar baya ta yi wutsil-wutsil, mashin ya karkata, sai ji Illo ya yi an rungumo shi ta ciki da ƙarfin tsiya.

"La'ilaha illallahu! Kashe ni za ka yi?"

"Yi haƙuri, Baba, yashi ne. Riƙe ni da kyau."

Ya riƙe. Da suka haye ma bai saki ba, don jikinsa rawa yake yi. A nan Illo ya lura da wani abu. A duk duniya babu inda saurayi zai iya yi wa uban budurwarsa doguwar magana sai a nan, inda shi yana kallon gaba, tsohon yana kallon ƙeyarsa, babu mai ganin idon wani. Ya yi bisimilla a zuci, ya fara magana kamar da hanya yake yi.

"Ni dai, Baba, lokacin da na bari, kwana na biyu hamma ta taso min. Hawaye na zuba ba kuka nike ba. Hanci kamar an buɗe tulu. In na rufa zuhwa, in na yaye sanyi. Kaza ta yi kuka in ji kamar in yanka ta."

Ya kauce wa wani rami, ya ci gaba.

"Amma duk ba su kai ƙahwahu ba."

Sannan murya ta fito daga baya, ƙasa-ƙasa. "Kamar tururuwa?"

"Kamar tururuwa cikin ƙashi, Baba."

"Tsaya."

Illo ya tsaya a gindin wata aduwa. Tsohon ya sauka ya juya masa baya, ya daɗe yana lalube a aljihu. Ya miƙo hannu ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Katin magani ne, duk an ɓalle, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki.

"Wanga ne ka sha?"

Illo ya durƙusa. "Shi ne, Baba."

"Ƙarya kake! Wanga maganin gajiya ne! A kemis aka sai da shi, da rubutun likita a jiki!"

"Shi ne dai, Baba. Ka gafarce ni."

Malam Na'Allah ya zauna a kan saiwar aduwa, bargo ya zame daga kafaɗarsa. Sai yanzu Illo ya ga yadda ya rame. "Ni? Ni da in liman bai nan ni ke ba da salla? Shekara sittin da uku ban taɓa sa abin maye a bakina ba. Gona ce ta fi ƙarhina, yaro. Yara sun tahi, baya ya ƙi, ga Hajo da Rahmatu a gida suna jiran hatsi. Mi za ni yi?"

"Ba laihinka ba ne, Baba. Kuma shina da magani. Ga ni, na warke."

Tsohon ya ɗago kai. Idonsa ya tafi can gaba, mararrabar da ke ɗan nesa da su, inda wata rumfar mai shayi take, da mashina biyu a gefe. Illo ya san rumfar nan kamar tafin hannunsa. Ya san gwangwanin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur. Wata goma sha huɗu yana kau da kai in ya zo wucewa.

"Ka san inda aka samu." Ba tambaya ba ce.

"Na sani, Baba."

"Guda ɗaya tak. In samu in runtsa, ƙahwahun nan su bar ni. Ba sai mun je asibiti kowa ya gan ni ba." Ya sassauta murya. "Ka samo min, gobe Labbo ya maido goronshi. Na ba ka Rahmatu. Ka ji? Na ba ka."

Wayyo Illo! Abin da yake roƙo a kowace sujada, ga shi an aje masa, tsakaninsa da shi taku ɗari. Ya ga Rahmatu da lalle a hannu. Ya ga Kawu Labbo yana washe baki. Ba wanda zai sani, daga shi sai tsohon sai aduwa. Har ƙafarsa ta motsa. Sai ya ji bakinsa ya tara yawu, irin yawun nan na da. Hawaye suka zubo masa, nasa kuwa na gaske ne.

"Baba, Allah ya sani ba ni da abin da nike so a duniya kamar Rahmatu. Amma in na sawo maka yau, jibi ma za ka aike ni, ba kuwa za ni iya ƙi ba, na zama suruki. Ta tashi uba na sha, miji na sawowa. Kuma ban ɓoye maka ba, ban yarda da hannuna ba. In ya riƙe guda, biyu za shi karɓo."

"Ni kake ce wa a'a?"

"Ka gafarce ni. Ba ni iyawa."

Malam Na'Allah ya miƙe, ya nuna shi da yatsa. "To ka saurara! Wallahi tal..." Sai wata doguwar hamma ta taso ta cika masa baki, ta ƙi ƙarewa, har da hawaye. Allah dai ya so Illo, rantsuwar ba ta fita ba. Da hammar ta sake shi sai ya ce a gajiye, "Ka rasa ta. Ka ji na gaya maka."

"Na ji, Baba. Hau mu tahi, rana na yi."

Suka wuce rumfar mai shayi ba wanda ya waiwaya. Illo yana tuƙi yana share ido da kafaɗa.

A Isa, Malam Usmanu ya shigar da tsohon ɗaki ya rufe ƙofa. Ya gwada jininsa, ya danna bayansa, ya saurare shi har ya gama faɗansa. Sannan ya gaya masa cewa shi ne dattijo na tara da ya zo da wannan matsala tun da fari ya fara, duk manoma, duk da sunan maganin gajiya. Ya ce a shekarunsa ba a yanke shi lokaci guda, a hankali za a riƙa ragewa, kuma Inna Hajo ce za ta riƙe maganin, ba shi ba. Bayan ma za a ba shi nasa maganin na gaskiya. Da ya gayyace shi zaman ƙarƙashin dogon yaro kuwa, Malam Na'Allah ya ce shi ba zai zauna tabarma ɗaya da sa'o'in jikokinsa yana tona wa kansa asiri ba.

Laraba huɗu Illo yana kai shi yana dawo da shi. Gari ya san dai bayan Malam ne ya matsa. Barci ya dawo, akuya ta samu lafiya. Maganar aure kuwa ko da wasa.

"Ya ce wani abu?" Rahmatu za ta tambaya a bakin rijiya.

"Ya ce in rage gudu."

"Shi ke nan?"

"Ya ce kuma ƙeyata na buƙatar aski."

Da ya ba ta labarin aduwa, bayan ta matsa masa lamba, sai da ta yi kuka ta ce ya cuce su, sannan ta ce da ya sawo da ita da kanta za ta mayar da goron. Ya ce to wanne zai ɗauka a ciki? Ta ce duka.

Sai ga Amiru ya dawo.

Ranar Juma'a ce, Illo yana sauke jarkoki a maƙwabta. Yana gani ɗan gayun ya durƙusa a gaban Malam, ya aje sukari, ya aje shayi, ya ba da haƙurin daɗewa, sannan ya miƙa ɗan ƙunshi ɗaure da zare. Yana gani tsohon ya karɓa, ya ce Allah ya yi albarka, ya zura a aljihu. Jarka ta suɓuce daga hannun Illo, ruwan da ya sha wuya a kansa ya bi ƙasa.

Kwana biyar bai ji daɗin tuwo ba. Ba zai iya tambaya ba, ba zai iya kai ƙara ba. Ya rasa Rahmatu, yanzu kuma ga alama wahalar ma ta tashi a banza.

Larabar da ta biyo ita ce ta farkon wata, ranar da iyalai ke zuwa zaman su ma a ji nasu. Inna Hajo da Rahmatu suka biyo motar kasuwa, suka zauna a tabarmar mata tare da uwaye da matan sauran. Illo ya aje tsohon a ƙofar ɗakin Malam Usmanu kamar kullum, ya je ya zauna cikin 'yan'uwansa, su goma sha ɗaya, yawancinsu 'yan kabu-kabu da masu haƙar rijiya. Ana cikin dariyar wani da ya ce tun da ya bari matarsa ta gano ashe yana da surutu, sai kowa ya waiwaya.

Malam Na'Allah ne tafe, da sandarsa, Malam Usmanu na biye. Samari suka fara zamewa daga tabarma za su ba shi wuri. Ya ɗaga musu hannu. Bai zauna ba. Ya zura hannu a aljihu ya fito da ƙunshin nan ya aje a tsakiyar tabarma. Zaren yana nan yadda aka ɗaure shi.

"An ce baƙo sunanshi yake hwara hwaɗi. Sunana Na'Allah, manomi ne ni, daga Turba. Shekara guda ina shan wanga abu cikin kunu, ina kuma zagin masu shan shi." Ya gyara murya. "Wanda ya kawo min, na karɓa don kar in kunyata shi a ƙohwar gidana, amma na aika mishi gaisuwar Juma'a ta isa haka, kuma Malam Usmanu na son ganinshi. Kwana biyar abin ga na cikin aljihuna. Na taɓa zaren nan ya fi sau ɗari. Duk sanda za ni kwance sai in tuna wani yaro da na yi wa tayin abin da ya fi so a duniya kan guda ɗaya tak, ya ƙi, shina kuka. Na ce in yaro ya iya, ni da hurhura ba ni jin kunya?"

Illo ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji. Daga tabarmar mata ana jin shessheƙa, ya kuma san ta wace ce.

"Madalla, Baba, sannu da zuwa," in ji Malam Usmanu. "Amma saura rabin ƙa'ida. Wa ya kawo ka?"

Tsohon ya dubi dogon yaro. Ya dubi sandarsa. Ya dubi ko'ina ban da inda Illo yake.

"Surukina ne ya kawo ni."

Inna Hajo ta rangaɗa guɗa a harabar asibiti, har wata ma'aikaciya ta leƙo ta taga. Samari suka rufe Illo da duka a baya. Shi kuwa kunya ta kama shi, ya rasa inda zai sa kansa, ya fara kiciniyar tuɓe takalma.

Malam Na'Allah ya zauna a gefen tabarma, ya aje sanda, har yanzu bai dube shi ba.

"A ce wa Labbo ya maido goron nan, in bai cinye ba. Kuma a ce wa wancan ya bar takalmanshi a ƙahwa, shi za shi maida ni gida."